Shawara kyauta, riba ƙalilan: Halin da ƙananan shagunan waya ke ciki a Azare

Ranar Lahadi, 16 ga Nuwamban 2014, wata 'yar ƙunar baƙin wake ta tayar da bam a Kasuwar Jagwal, wato kasuwar wayoyin salula ta garin Azare a Jihar Bauchi, inda mutum fiye da goma suka rasa rayukansu. Kwana tara kafin nan, wani bam ya tashi a wajen na'urar cirar kuɗi ta wani banki a garin. Waɗanda suka kitsa hare-haren taron jama'a suke nema, kuma wuraren da suka zaɓa sun nuna inda mutanen Azare suka koma taruwa a wannan zamani: bakin banki da bakin shagon waya.

Shekara fiye da goma bayan wancan tashin hankali, wuraren nan biyu sun kusa zama ɗaya. Wayar da ke aljihun mutum ita ce bankinsa, a cikinta lambar shaidarsa take, ta nan ɗansa zai ga sakamakon jarrabawa, ta nan ɗan'uwansa da ke ci-rani a Legas ko Fatakwal zai aiko masa da kuɗin cefane. Duk lokacin da wani abu ya cije a cikin wannan 'yar na'ura, ba ofishin kamfani ake nufa ba, domin galibin kamfanonin ba su da ofishi a kusa. Wajen mai ƙaramin shago ake zuwa, mutumin da jarinsa bai wuce abin da kwabar gilashi ɗaya za ta ɗauka ba, amma nauyin da aka ɗora masa ya fi ƙarfin shagon.

Garin da ke kan hanya

Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa Masarautar Katagum a farkon ƙarni na 19. A farkon ƙarni na 20, zamanin Turawan mulkin mallaka, aka dawo da fadar daga tsohon garin Katagum zuwa Azare. Tun daga nan garin ya zama cibiya, kuma babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta ratsa shi ta ƙara masa ƙarfi. Mutanen Yana da Giade da Gamawa da Itas da Chinade da Madara, har da na Jama'are, nan suke zuwa idan buƙata ta wuce abin da kasuwar ƙauye za ta iya biya.

Ban da manoma da 'yan tireda, akwai wani rukunin masu saye da ya bambanta Azare da garuruwan da ke kewaye da ita. Akwai ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, da ma'aikatan babban asibitin Gwamnatin Tarayya, da na Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka amince da kafa ta a 2021, sannan ga Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau, wadda ba ta da nisa. Ɗalibi yana neman kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu mai araha, likita yana neman na'urar da za ta ba shi intanet a gida, manomi kuma bayan kaka, in ya sayar da riɗi ko wake, yana neman waya mai riƙe caji kwana uku. Shago ɗaya ne ke fuskantar su duka.

Doguwar hanyar kaya

A harkar mulki Azare Bauchi take kallo, amma a harkar waya Kano ce alƙiblarta. Akasarin ƙananan 'yan kasuwa sari suke yi a kasuwar Farm Centre ko Titin Beirut. Manyan dilolin can kuma daga Legas suke ɗauko kaya, musamman daga kasuwar Computer Village da ke Ikeja, ko kuma su yi oda kai-tsaye daga birnin Shenzhen na ƙasar Sin. A wannan birni ne hedikwatar kamfanin Transsion take, mai ƙera Tecno da Itel da Infinix, wayoyin da suka mamaye kwabobin shaguna a Arewa. Kamfanin ya ci kasuwar Afirka ne da abubuwan da manyan kamfanoni suka raina: gurbin layi biyu, batir mai jure rashin wuta, kyamarar da ke fito da fuskar baƙar fata, da farashin da talaka zai iya tunkara.

Kafin waya ta iso Azare ta bi hannu uku ko huɗu, kowa ya ɗora nasa. Mai shagon ƙarshe shi ne mafi ƙarancin riba, domin mai saye yana iya kiran ɗan'uwansa a Kano ya ji farashi kafin ya buɗe baki ya taya. Shi ya sa sabuwar waya fil a kwali ba ita ce ke riƙe shago ba. Abin da ke ciyar da mai shi ƙananan kaya ne: caja, igiyar caji, abin sauraro na kunne, gilashin kariya, rigar waya, memori, da kuɗin gyara.

Shekarar 2023 ta girgiza wannan lissafi. A ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin man fetur, kuma a watan Yuni Babban Bankin Najeriya ya saki Naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da ake canzarwa a hukumance kan kusan Naira 460 ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Ga ɗan kasuwar da kusan duk kayansa daga waje suke zuwa, ma'anar wannan a fili take. Ya sayar da wayoyi goma da riba a takarda, ya je Kano sari, kuɗin ba su sayi goma ba. Kwabar da a da take cike ta fara nuna gurabe, aka riƙa jera kwalaye marasa komai don kada shago ya yi kama da wanda ya karye. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, to ruwan cikin ne ya ƙafe.

Masu saye su ma suka ja da baya. Wanda a da zai canza waya in gilashinta ya fashe, yanzu gyara yake nema. Wanda ke son babbar waya ya koma neman ta hannu. Kasuwa ta karkata daga sayarwa zuwa gyara da musaya, kuma a nan ne ilimin mai shago ya fi kayansa daraja.

Aikin da ba a biya

A manyan birane akwai kamfanonin da sana'arsu ita ce ba da shawara kan fasaha, su rubuta takarda, su karɓi kuɗi. A Azare da garuruwa irinta, mai shagon waya ne ke wannan aiki, sai dai ba wanda ya taɓa kiran sa da sunan, kuma da wuya a ba shi ko sisi a kai.

Dattijo zai zo da sabuwar waya, ba ya karanta boko. Yaron shago ne zai buɗe masa adireshin imel, domin wayar Android ba ta sakin jiki sai da shi. Shi zai sa masa WhatsApp, ya nuna masa yadda ake danna alamar makirufo a aika saƙon murya, ya tura masa karatun Alƙur'ani da wa'azi a memori. Bayan shekara guda wayar ta rikice, aka goge komai, sai ta tsaya tana neman imel ɗin farko da kalmar sirrinsa, wanda dattijon bai taɓa sani ba. Wannan kulle Google ya yi shi ne don ɓarawo ya kasa amfana da wayar sata, amma a ƙasar Katagum sau da yawa mai wayar na gaskiya yake kamawa. Nan ma shagon za a koma.

Duk wata sabuwar doka da ta fito daga Abuja, a kan wannan teburi take sauka. A watan Disamban 2020 gwamnati ta umarci a haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, aka yi ta ɗage wa'adi har zuwa Satumban 2024. Duk lokacin da aka toshe layuka, mutane kan yi cincirindo a shagunan waya suna tambayar abin da ya faru, ko da mai shagon ba wakilin kowane kamfanin sadarwa ba ne. Shi zai bayyana wa mutum cewa sunan da ke kan NIN ɗinsa ya saɓa da wanda ya yi rajistar layi da shi, ko shekarar haihuwa ta bambanta da ta BVN, ya kuma faɗa masa ofishin da zai nufa.

Sai kuma farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Takardun Naira suka ɓace daga hannun jama'a, mai sayar da hatsi da mahauci da mai shayi aka tilasta musu karɓar tiransifa. Mutanen da ba su taɓa tunanin buɗe asusu ba suka buɗe a OPay da Moniepoint da PalmPay cikin 'yan makonni. Wa ya saukar musu da manhajar, ya ɗauki hoton fuskarsu, ya koya musu bambance saƙon shigar kuɗi na gaskiya da na bogi? Ba ma'aikacin banki ba ne. Shaguna da yawa a lokacin suka ƙara na'urar PoS a gefen kwaba, kuma ga wasu ita ce ta riƙe su da cinikin waya ya tsaya.

Haka abin yake a fannin karatu. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Rajistar makarantu, biyan kuɗi ta Remita, neman rancen ɗalibai na NELFUND da aka buɗe shafinsa a Mayun 2024, duk ta intanet ne. Yaron da ya gama sakandare a ƙauye bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, a shago ko kafe yake fara taɓa shi. Kuskuren harafi ɗaya a suna na iya jawo wa ɗalibi wahalar shekara, kuma in hakan ta faru, mai shagon da ya cike fom ɗin ake zagi.

Me ya sa ba ya cajin kuɗi? Domin a al'adar kasuwar Hausa magana ba haja ba ce. Ana biyan tela kuɗin ɗinki, ana biyan makaniki kuɗin aiki, amma wanda ya ce maka kada ka sayi wannan, sayi wancan, godiya ce ladansa. Mai shago yana yi ne da fatan ran da za a sayi waya wajensa za a zo. Wani lokaci a zo, wani lokaci kuma mutum ya gama shan bayani ya tafi Kano ya sayo, ko ya yi oda ta intanet, sannan ya dawo da ita a saita masa.

Amana da haɗarinta

Wanda ya miƙa wayarsa ga mai gyara ya miƙa fiye da ƙarfe da roba. A ciki akwai hotunan iyali, da hirarraki, da manhajar banki. Sau da yawa mai gyara kan buƙaci lambar buɗe waya don ya gwada aikinsa, kuma mutane da dama lamba ɗaya suke amfani da ita a ko'ina, har a asusun banki. Matan aure da ba sa fita kasuwa kan aiko yaro da waya, da lambar a rubuce a 'yar takarda. Najeriya ta samu Dokar Kare Bayanan Jama'a a watan Yunin 2023, amma a rumfar gyaran waya abin da ke kare bayanan mutum shi ne tsoron Allah da tsoron zubewar mutuncin mai rumfar. A gari kamar Azare, inda an san gidan kowa, wannan tsoro yana aiki fiye da yadda baƙo zai zata. Yaron shago ɗaya da ya kwafi hoton matar wani ya isa ya rufe shagon ubangidansa.

Haɗari mafi girma yana cikin jagwal kanta, wato saye da sayarwa da musayar wayoyin hannu. Yawancin wayoyin da ke yawo a wannan harka halal ne: wani ya matsu ya sayar, wani yana son ƙara kuɗi ya hau babba. Amma ta wannan ƙofa wayar sata ke shiga. Kowace waya tana da lambar IMEI mai alƙaluma 15, wadda ke fitowa in an danna *#06#, kuma da ita jami'an tsaro ke bin sawu. Ran da aka bi sawun, ba ɓarawon ake fara kamawa ba. Wanda wayar ke hannunsa ake kamawa, shi ya nuna shagon da ya saya, mai shago kuma in ba zai iya nuna wanda ya kawo masa ba, shi zai kwana a caji ofis. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar Final Kod, kuma in an yi rashin sa'a wayar ta fito daga hannun wanda aka yi wa fashi ko aka kashe, maganar ta wuce ta kuɗi.

Masu hankali a cikin 'yan kasuwar sun koyi neman kwali da rasit, su ɗauki hoton mai sayarwa da katin shaidarsa, su rubuta lambar IMEI a littafi. Wannan littafi na Naira ɗari biyu ko uku shi ne inshorar da yawancinsu suke da ita. Ta gobara kuwa babu, kamar yadda 'yan kasuwar garin suka gani a watan Yunin 2018, lokacin da wuta ta cinye shaguna masu yawa a babbar kasuwar Azare.

Akwai kuma rigimar jabun kaya. Caja mai araha tana ƙona sashen caji na waya. Memorin da aka rubuta masa girma mai yawa yana cika da hotuna kaɗan, sauran su lalace. Gilashin waya hawa-hawa ne, akwai na asali, akwai kwafi mai dusashewa a rana. Mai saye yakan zaɓi mafi araha, ko da an faɗa masa araha ba ta ado, amma in abin ya lalace ba masana'antar da ke Sin zai tuhuma ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Gaskiya kuma ita ce wasu masu shagunan suna sayar da kwafi da sunan na asali, kuma su ne ke jawo wa sauran baƙin jini.

Wuta da rana

Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Jos, JED, shi ke ba Jihar Bauchi wuta, tare da Filato da Gombe da Binuwai. Mai gyaran waya ba ya aiki sai da wuta: na'urar hura iska mai zafi, da ƙarfen narka dalma, da kwamfutar yi wa waya filashin, duk ita suke ci. Da fetur ya tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 1,000 a ƙarshen 2024, ƙaramin janareta ya zama abin da ake tayarwa da lissafi. A watan Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan dakon wuta ta jefa akasarin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda, rumfunan cajin waya ne suka ci kasuwa.

Wannan matsala ce ta buɗe wa shagunan sabuwar ƙofa. Fitilun sola, da fanka mai caji, da batirin tafi-da-gidanka, da farantan hasken rana sun shigo kwaba. Rana dai ba ta yi wa ƙasar Katagum rowa ba, zafin watan Afrilu ya ishe shaida. A nan ne kuma shawara ta fi tsada, domin kuskurenta na dubban ɗaruruwa ne. Mai chemist da ke son firjin magani, ko mai gidan da ke son fanka da talabijin su kwana suna aiki, yana buƙatar wanda zai lissafa masa yawan wutar da kayansa ke ci, da girman inbata, da adadin farantai, da irin batirin da ya dace, na ruwa mai sauƙin kuɗi ko na litiyam mai tsada da tsawon rai. Yana buƙatar wanda zai gaya masa cewa dutsen guga ɗaya zai iya zuƙe batirin cikin ɗan lokaci, cewa batirin ruwa in ana barin sa yana mutuwa ƙurmus ba zai yi ƙarko ba, kuma ƙurar hunturu da ta lulluɓe faranti tana rage masa ƙarfi sai an riƙa gogewa. Wanda ya iya wannan lissafi ya samu sana'a. Wanda bai iya ba amma ya karɓi aikin, ya jawo wa kansa shari'a a gaban mai unguwa.

Inda ake koyo

Kusan duk masu gyaran nan ba a aji suka koya ba. Yaro kan zauna wajen ubangida shekara biyu ko uku, ya fara da liƙa gilashin kariya, ya kai ga canza bakin caji, sannan a bar shi ya taɓa allon cikin waya. Sauran ilimin daga YouTube yake zuwa, inda masu gyara daga Indiya da Pakistan ke nuna aiki da harshen da ɗan Azare ba ya ji, amma hannu yake kallo. Kamfanoni ba sa sakin zanen cikin wayoyinsu ga irin waɗannan masu gyara, kuma sababbin wayoyi ana liƙe su da gam ta yadda ko batir ba ya fita sai da dabara.

A Turai an fara taka wa kamfanoni birki. Faransa ta tilasta a riƙa rubuta wa wayoyi makin sauƙin gyara a 2021. Tarayyar Turai ta zartar da dokar 'yancin gyara a 2024, ta kuma wajabta bakin caji iri ɗaya, USB-C, ga sababbin wayoyi daga ƙarshen shekarar. Ba don mai rumfa a Azare aka yi waɗannan dokoki ba, amma yana cin gajiyarsu a kaikaice, tunda masana'anta ɗaya ce ke ƙera wa duniya: yau igiyar caji iri biyu ta ishe shi, maimakon tarkacen da ake tarawa a zamanin Nokia da Sagem.

A gida kuwa, Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 don horar da matasa miliyan uku a fannin fasaha. Shirin ya fi karkata ga rubuta manhaja da nazarin bayanai da tsaron intanet. Matashin da ke zaune da ƙarfen narka dalma a hannu, wanda shi ne ke sa wayoyin gari su ci gaba da aiki, ba shi da takardar da za ta shaida abin da ya iya.

Rashin takarda shi ne katangar da ke tsakanin waɗannan shaguna da babban aiki. Sabuwar jami'a da asibiti da kwaleji suna sayen kwamfutoci, suna shimfiɗa intanet, suna kafa kyamarorin tsaro da sola. Dokar sayen kayan gwamnati tana neman rajistar Hukumar CAC, da shaidar biyan haraji, da wasu takardun da mai kwaba ɗaya bai taɓa mallaka ba, don haka irin wannan kwangila kamfanoni masu rajista ne ke samun ta, ko da daga nesa suke. A 2024 an tilasta wa masu PoS yin rajista da CAC, kuma ta wannan hanya wasu masu shagunan suka samu sunan kasuwanci a hukumance karo na farko, ba don sun nema ba. Ko za su yi amfani da shi su haɗa jari su nemi aikin da ya fi liƙa gilashi, ya danganta da ƙungiyoyinsu na kasuwa. A halin yanzu dai, idan na'urar da ɗan kwangila ya kafa ta tsaya bayan ya koma inda ya fito, ma'aikacin ofis lambar wani yaro a kasuwar waya yake nema, ya zo ya duba, a ba shi kuɗin mashin.